Ɗiyata na son zuwa kallon ƙwallon jami'a a Amurka, in bar ta?

"Assalamu alaikum. Ɗiyata ta fara digiri na biyu a wata babbar jami'a a Amurka. Ta kira ni ta ce abokan karatunta sun saya mata tikitin kallon wasan makarantarsu, irin ƙwallon nan tasu da ake rungumewa a ruga da gudu. Ni kuwa na taɓa ganin bidiyon 'yan kallo suna jifa da robobi, wasu kuma sun cika fili suna tumɓuke ƙarafa. Yaya aka yi masu ilimi suke irin wannan ɗabi'a? Kuma in bar ta ta je ko in hana ta?" Daga wani uba a Zariya.

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa karatunta albarka, ya dawo maka da ita lafiya. Tambayarka biyu ce a ƙulle wuri ɗaya: me ke sa taron 'yan jami'a ya fita hayyacinsa, kuma wane haɗari ne a kan yarinya baƙuwa idan ta shiga cikinsu. Na yi kaka tara ina aikin kula da 'yan kallo a filin wasa na wata jami'a a tsakiyar ƙasar. Na fara da duba tikiti a bakin ƙofa tun ina ɗalibi, daga baya aka ba ni kula da ma'aikatan ɓangaren da ɗalibai ke zama, wanda shi ne wurin da kowa ke gudu. Shawarata ita ce kar ka hana ta, amma kuma kar ta tafi kara zube. Abin da ka gani a bidiyo gaskiya ne, sai dai yana da wurinsa da lokacinsa da abin da ke kunna shi, kuma duk ana iya gane su tun kafin a bar gida.

Ka fara sanin girman abin

Wannan wasa a jami'a aka haife shi. Karawar farko an yi ta ne a 1869 tsakanin Rutgers da Princeton, tun kafin a san da ƙungiyoyin ƙwararru. Saboda haka a jihohi irin su Alabama da Nebraska, inda babu babbar ƙungiyar ƙwararru ta wannan wasa, ƙungiyar jami'a ita ce ta kowa da kowa: manomi, direban babbar mota, likita, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji a makarantar ba. Filin jami'ar Mishigan yana ɗaukar mutum 107,601. Na Tenesi da na Jihar Ohayo kowanne ya haura dubu ɗari. A garin Lincoln, inda jami'ar Nebraska take, ranar wasa, mutanen da ke cikin filin sun fi yawan mazauna kowane gari a jihar Nebraska in ka cire biyu. Kuma duk shekara wasa shida ko bakwai kawai ake yi a gida, kusan duka ranar Asabar, daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba. Abin da mutum ya jira wata tara, ka san ba da sanyin jiki zai zo masa ba.

Wannan ya amsa rabin tambayarka ta farko. Ɗalibai ba su ne mafi yawan 'yan kallo ba. Ɓangare guda ake ware musu, sauran filin na iyalai ne da tsofaffin ɗalibai da mutanen gari. Kuma mafi munin aika-aikar da aka yi da sunan wannan wasa a zamaninmu ba ɗalibi ne ya yi ta ba. Bayan jami'ar Auburn ta doke jami'ar Alabama da ci 28 da 27 a 2010, wani magoyin Alabama, dattijo mai shekara sittin da 'yan kai, tsohon ɗan sanda, ya je ya zuba maganin kashe tsiro a gindin tsofaffin itatuwan da mutanen Auburn ke taruwa ƙarƙashinsu idan sun yi nasara. Shi da bakinsa ya kira wani shirin rediyo ya faɗa. Itatuwan ba su tashi ba, aka sare su a 2013, shi kuma ya sha ɗauri. Bai taɓa karatu a jami'ar da ya yi wa wannan ta'asa don ita ba.

Ihu daban, rashin kunya daban

Akwai abin da baƙo zai ɗauka hauka ne alhali yana cikin wasan. Idan ƙwallo tana hannun baƙi, 'yan gida sukan kurma ihu iya ƙarfinsu don kada 'yan wasan baƙi su ji umarnin jagoransu. Da ta dawo hannun 'yan gida sai fili ya yi tsit, har ka ji muryar mutum ɗaya daga tsakiyar ciyawa. Wannan ba rashin ɗa'a ba ne, aiki ne aka ba 'yan kallo. A jami'ar Jihar Misisifi ma ƙararrawa irin ta wuyan shanu suke kaɗawa. An haramta ta a 1974, aka dawo da ita a 2010 da sharaɗin a daina kaɗawa da zarar an shirya fara taka leda, kuma dubban mutane suna kiyaye wannan sharaɗi don kada a sake ƙwace musu ita. Ɗiyarka za ta ji ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafarta, kada wannan ya tsorata ta.

Rashin kunya na gaske shi ne zagi da baki ɗaya. Ɗalibai dubu goma su haɗa murya suna ashar ga ɗan wasa ɗaya ko ga alƙali, da kalmomin da ba wanda zai iya furta su gaban uwarsa. Ba zan ɓoye maka ba, wannan za ta ji shi, musamman idan wasan na tsofaffin abokan gaba ne. Na sha tsayawa ina kallon fuskokinsu lokacin da suke yi. Yawancinsu yara ne masu shekara goma sha takwas zuwa ashirin da biyu, waɗanda in ka haɗu da ɗayansu ranar Litinin zai riƙe maka ƙofa ya gaishe ka. Amma a cikin taro kowa ya sa riga launi ɗaya, kowa yana ganin ba a ganinsa, laifin kuma ya rabu kashi dubu goma har babu wanda ke jin nauyinsa. Sabon ɗalibi da ya zo a watan Agusta bai zo da wannan ashar daga gidansu ba. A wasan farko ya koye ta daga bakin na gaba da shi, tare da waƙar makaranta, a rana ɗaya.

Abin da ke hura wutar

Na farko giya ce, kuma ba wadda ake sayarwa a cikin fili ce ta fi ba mu wahala ba. Al'adarsu ita ce tun da sassafe a kafa rumfuna a wuraren ajiye motoci, a buɗe bayan mota, a hura gawayi, a gasa nama, a yi ta ci da sha har lokacin wasa. Dokar ƙasar ta hana wanda bai kai shekara 21 ba sayen giya, kuma yawancin 'yan digirin farko ba su kai ba. To me suke yi? Sai su ɗura wa cikinsu a ɗaki ko a bayan rumfa, da sauri, da yawa, don ta kai su ƙarshen wasa. Wata Asabar da tsakar rana, ba a ko fara wasa ba, na tarar da wani yaro zaune a kan matakala, ya fenta fuskarsa da launin makaranta, takalminsa ƙafa ɗaya babu, idonsa a buɗe amma ba ya ganina. Abokansa sun jingina shi da ƙarfe sun wuce don kada kujerun gaba su ƙare. Na kira masu agaji ta oba-oba, muka kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi. Irin wannan ne aikinmu na kullum, ba faɗa ba.

Shi ya sa lokacin wasa yake da muhimmanci ƙwarai. Wasan ƙarfe goma sha biyun rana da wasan ƙarfe bakwai ko takwas na dare, a fili ɗaya, da mutane ɗaya, kamar garuruwa biyu ne. Na dare an yi awa goma ana sha kafin a busa usur. Gidajen talbijin ne ke zaɓar lokacin, kuma sau da yawa manyan wasanni su ake kaiwa dare, wato wasan da ya fi zafi shi ake ba wa taron da ya fi maye.

An daɗe ana gardama a kan sayar da giya a cikin fili. Jami'ar West Virginia ta fara a 2011, ta kuma hana fita a dawo lokacin hutun rabin lokaci. Rukunin jami'o'in kudu maso gabas da ake kira SEC ya ɗage haramcinsa a 2019, Mishigan ta bi sahu a 2024. Masu goyon baya suna cewa gara a sayar a ido, kofi biyu ga mutum ɗaya, a duba katin shaida, a rufe a ƙarshen zango na uku cikin zango huɗu na wasan, da a bar mutane su cika ciki a waje. A abin da na gani, hana fita a dawo shi ya fi yin aiki, domin dā hutun minti ashirin ɗin nan gudu ake yi zuwa mota a ƙara. Amma ban yarda a ce don tsaro kawai aka kawo sayarwar ba. Kuɗi ne mai yawa, kuma yaron da na tsinta a matakala dokar kofi biyu ba ta shafe shi ba.

Na biyu shi ne jin an yi zalunci. Taro yakan haƙura da shan kaye, abin da ba ya haƙura da shi shi ne ya ga kamar alƙali ya murɗe. Mai yiwuwa bidiyon da ka gani na Tenesi ne a Oktoban 2021. Saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, alƙalai suka ce ƙwallon Tenesi ba ta kai inda ake buƙata ba. Sai ruwan robobi da gwangwanaye, har da robar miya, aka kuma jefi kocin baƙi Lane Kiffin da ƙwallon golf. Akwai tsohuwar jiƙaƙƙa, domin ya taɓa horar da Tenesi shekara ɗaya tak a 2009 ya tafi ya bar su. Aka tsayar da wasa kusan minti ashirin, aka ci jami'ar tarar dala 250,000. A Oktoban 2024 aka maimaita a Teksas, a wasansu da Jojiya. Wannan ya fi ɓata mini rai, domin a cikin tsaikon da jifan ya jawo, alƙalai suka yi shawara suka janye hukuncinsu. Ko da janyewar daidai ce, duk yaron da ke wurin ya koma gida da darasin cewa jifa tana biya. Tarar dala 250,000 da ta biyo baya ba daga aljihunsa ta fita ba.

Na uku sabo ne. Tun da kotun ƙoli ta buɗe ƙofar cacar wasanni a 2018, mutum yana zaune a benci yana caca ta waya a kan wasan da yake kallo. Wanda ya yi asarar kuɗin haya saboda yaro ɗan shekara goma sha tara ya saki ƙwallo, ba fushin magoyin baya yake yi ba. Irin waɗannan su ne ke bin 'yan wasa a intanet da zagi da barazana, har shugaban hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA, Charlie Baker, ya nemi jihohi a 2024 su hana caca a kan abin da ɗan wasa ɗaya zai yi.

Abin da ya fi ba ni tsoro

Ba zagi ba ne, ba jifa ba ne, murna ce. Idan ƙaramar ƙungiya ta kayar da babba, ɗalibai sukan kwararo cikin fili, su hau ƙarfen gola mai siffar gwafa su karya shi. A 2022 'yan Tenesi, bayan sun doke Alabama 52 da 49, sun ɗauki ƙarfen sun jefa a kogi. A 2024 'yan Vanderbilt sun yi haka a birnin Nashville. A talbijin abin gwanin sha'awa ne. Daga inda nake tsayawa, a gindin benci, abin da ake gani daban ne: na sama suna turowa ƙasa don ba su san abin da ke faruwa a gaba ba, na gaba kuma ƙirjinsu yana manne da shingen ƙarfe, ba su da numfashin da za su yi ihu da shi. A Oktoban 1993, a Wiskonsin, bayan sun doke Mishigan, haka ta faru. Shinge ya karye, mutane suka zube a kan juna, fiye da 70 suka jikkata, 'yan wasa da kansu suka riƙa zaro ɗalibai da suka suma. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. A 2005 kuwa ƙarfen gola ya faɗo wa wani ɗalibi a wata ƙaramar jami'a a Minnesota ya mutu.

Mu da muka fito daga Afirka ta Yamma ba sai an ba mu labarin turmutsutsu ba. A ranar 9 ga Mayun 2001, a filin wasa na Accra, an fara ne da jifa da robobi da kujeru, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, mutane suka ruga suka tarar da ƙofofi a rufe, sama da 120 suka rasu. Jifan bai kashe kowa ba, amsar da aka ba shi ce ta kashe.

Wannan darasi shi ake koya mana. Ranar da ɗalibai suka kwararo cikin filinmu, tun saura minti biyar aka sanar da mu ta oba-oba cewa kada kowa ya tare hanya. Aka buɗe ƙananan ƙofofin shinge, aka zagaye 'yan wasan baƙi da alƙalai da igiya aka fitar da su, mu kuma muka jera a gindin katanga muna miƙa hannu muna sauko da yara ɗaya bayan ɗaya. Wata yarinya ƙarama ta maƙale, ƙafarta ta shige tsakanin benci da shinge, jama'a na bi ta kanta. Ni da wani abokin aikina muka juya wa taron baya muka yi mata rumfa da jikinmu har ta zare ƙafar. Sai da na yi mako ina jin haƙarƙarina. Rukunin SEC ya yi ta ƙara tara a kan shiga fili, har ta kai dala 500,000 a 2025, amma ban ga alamar tara za ta hana ba, domin a wasu makarantun tsofaffin ɗalibai da fara'a suke haɗa kuɗin.

Kirkin ma koyar da shi ake yi

Zan yi rashin adalci idan na tsaya a nan. A Nebraska al'ada ce a miƙe a tafa wa ƙungiyar baƙi lokacin da take fita, ko ita ta yi nasara. A wasan makarantar sojan ƙasa da ta sojan ruwa, bayan an tashi, ƙungiyoyin biyu sukan tsaya tare a rera waƙar makarantar da ta sha kaye, sannan ta wadda ta ci. A Ayowa kuwa, tun 2017, da an gama zango na farko sai kusan mutum dubu saba'in, har da 'yan wasan ɓangarorin biyu da alƙalai, su juya su ɗaga wa yaran da ke kwance a asibitin yara na jami'ar hannu, domin tagogin benensa na sama suna kallon filin. Waɗannan mutane ba wani jinsi ba ne dabam da masu jifa. Sun tarar ana yi ne, suka ɗauka.

Na ga haka da idona a ƙaramin mataki. Akwai wata tsohuwa da ta shekara fiye da talatin a kujera ɗaya, kullum da bargonta da ƙullin gyaɗa. Wata rana wani matashi a bayanta ya dinga zagin wani mutum da ya zo da 'ya'yansa biyu sanye da rigar baƙi. Ina tahowa ke nan in yi magana, sai ta juya ta kira shi da sunansa, ta ce ta san kakansa a wannan benci kuma bai taɓa yin haka ba. Sannan ta miƙa wa yaran baƙin gyaɗa. Bai ƙara cewa uffan ba har aka tashi. Ni da rigar aiki da oba-oba, iyakata in fitar da shi, wani ya maye gurbinsa. Matsalar ɓangaren ɗalibai ke nan: babu tsoho ko ɗaya a cikinsa, duk sa'annin juna ne, kuma duk shekara huɗu sai an sake sabon zubi.

Abin da za ka faɗa mata

Ta fara duba abu biyu a jikin tikitin, lokaci da wurin zama. Idan wasan rana ne kuma ba da tsohuwar abokiyar gaba ba, hankalinka ya kwanta. Idan kujerar a ɓangaren ɗalibai take, ta zaɓi sama kuma kusa da matakala, kada ta yarda a ja ta layin gaba komai daɗin kallonsa. Ta shirya tsayuwa, domin wasan minti sittin ne a agogo amma yakan ci awa uku da rabi, kuma ɗalibai ba sa zama. Yawancin filayen ba sa barin shiga da jaka sai ƙarama ko mai nuna abin da ke ciki. Ta ci abinci kafin ta je, domin naman alade ya yi yawa a abin da ake sayarwa. Idan lokacin salla ya riske ta, ta tambayi duk wanda ta gani da rigar ma'aikata, za a nuna mata wuri mai natsuwa. Ni kaina a lungun da ke kusa da ɗakin masu agaji nake yin La'asar. Mata masu lulluɓi sun sha shigowa ta ƙofata, kuma rigar abokan gaba ta fi ɗankwali jawo magana nesa ba kusa ba, don haka ta sa launin makarantarta. Idan wani ya dame ta kada ta tanka, akwai lambar da ake tura saƙo a ɓoye, ana nuna ta a babban allo, ta rubuta lambar layi da ta kujera, za a zo.

Sai dai in gaya maka iyakar inda ikonmu yake. Aikina a bakin ƙofar fili yake ƙarewa. A ciki akwai kyamarori da 'yan sanda da masu agaji a kowane lungu. A waje, da dare, a gidajen da ɗalibai ke shagali bayan wasa, babu ko ɗaya. Wani bincike da masana tattalin arziki uku suka fitar a 2018 ya gano cewa a ranakun wasan manyan jami'o'i, rahoton fyaɗe ga masu shekara 17 zuwa 24 yana ƙaruwa da kashi 28 cikin ɗari, kuma sun danganta hakan da shagalin shaye-shaye. A nan ya kamata ka tsaurara, Alhaji, ba a kan kallon wasan ba. Ka tambaye ta su wa za ta tafi da su, ta ba ka lambar mutum ɗaya daga cikinsu, su yi alkawarin tare za su shiga tare za su fito, su kuma sa wurin haɗuwa tun da wuri domin waya takan ƙi aiki a cikin wannan taro.

Idan aka busa tashi kuma ta ga jama'a sun nufi ƙasa, ita ta zauna a inda take. 'Yan badujala za su yi waƙar makaranta, matakala za ta yi sauƙi cikin minti goma ko sha biyar, sannan ta fito ta nufi ɗakinta ta kira ka.